Dara Ɗaya ta Gaskiya

A shekarar da yaƙi ya ɓarke a Hartum cikin goman ƙarshe na azumi, motoci suka riƙa shigowa Gadarif da katifu ɗaure a bisansu. Makarantu suka cika da baƙi, gidan da ke da ɗaki biyu ya koma yana kwana da iyali uku. Cikin waɗanda suka iso har da 'yata ta fari, da jaka ɗaya da 'ya'yanta biyu. Mijinta ya tsaya a can wai zai kula da gida. Aikin kwamfuta take yi a Hartum, irin aikin da har yau ban iya bayyana shi ba, sai dai na san ita ke gaya wa na'ura abin da za ta yi. Ni karatuna na allo ne. Wannan da nake rubutawa ma da ajami nake rubuta shi, ita za ta mai da shi boko in ta ga dama.

Mu jikokin mahajjata ne. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa suna neman Makka. Wasu sun kai, suka dawo suka tsaya a nan. Wasu a nan guzuri ya ƙare musu, suka ga baƙar ƙasa mai ba da dawa, suka kafa bukka. Abubuwa da yawa sun zube a hanya. Hausarmu ta sha Larabci, har in baƙo ya zo daga Kano sai ya ƙara kasa kunne kafin ya gane mu. Amma dara ba ta zube ba. Maƙwabtanmu Larabawa suna da tasu, sija suke ce mata, in sun wuce suka gan mu durƙushe sai su ce, "Har yanzu ba ku gama haƙa rijiyar nan ba?"

Wurin dararmu gindin wata bishiyar maina ne a bayan kasuwar hatsi. Gida talatin ake haƙawa, jeri biyar, kowane jeri gida shida. Ƙasarmu laka ce, in an haƙa gidajen bayan ɗaukewar ruwa sai su bushe kamar tukunya, su zauna har ruwan fari ya zo ya shafe su. Kowa yana da 'ya'ya goma sha biyu. Ɗaya ya riƙe guntayen karan dawa, ɗaya ya riƙe ƙwallon aduwa. Da fari a shuka su ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara turawa gida-gida. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa guda. Akwai kuma abin da muke kira doki, wato ka sami ɗa ɗaya wanda in ka tura shi gaba ya cika uku, in ka dawo da shi baya ya cika wasu ukun. Wanda aka kafa wa doki sai ya yi ta kallo ana kwashe masa 'ya'ya.

Abokin darata tun muna samari taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Tarakta ya tuƙa a manyan gonakin riɗi da dawa har ƙarfinsa ya fara raguwa, daga nan ya koma mai ɗaukar 'yan ƙwadago yana kai su gona. Usta ake ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane gwanin inji a nan. Shi kuma ba ya ce mini Malam, sai Faki, irin na Larabawa, yana ja wa kalmar wutsiya don ya ba ni haushi. Ni in ce masa bawa, shi ya ce mini bawa, kowa yana kafa hujja da kakarmu. Ba mu taɓa gaisawa ba tare da an soki wani ba.

A dara kuwa ya fi ni nesa ba kusa ba. Haka muka taso, haka muka yi aure, haka muka yi furfura. In na ci shi sau ɗaya sai in yi ta ba da labari har a gaji da ni.

Sai shekarar da kudancin ƙasar nan ya ware ya zama ƙasa mai zaman kanta, Allah ya karɓi matata. Ba zan tsawaita a nan ba. Na dai san na daina fita. In na biya wa yara karatu da safe sai in koma ɗaki in zauna a bakin angarib, gadonmu na igiya, har a kira salla. Abinci ya zo ya koma. Bayan arba'in, wata la'asar, Usta ya shigo ba sallama, ya ɗauki takalmana ya fita da su. Na bi shi ba takalmi ina faɗa, bai waiwayo ba sai a gindin maina. Ya jefo mini su, ya jefo mini karare, ya ce, "Zauna, Faki. Na gaji da cin mutanen kirki, ina marmarin bawa."

Ranar na ci shi. Ya bugi ƙasa da tafin hannu, ya rantse na sace masa ɗa yana kallon wani wuri. Mutane suka yi ta dariya, ni ma na ji wani abu mai kama da dariya ya fito mini. Washegari na dawo da ƙafata. Na sake cin sa. Ba kullum nake ci ba, wani lokaci ya ci ni biyu a jere ya tashi yana taka rawa. Amma sannu a hankali nawa ya fi nasa yawa. Na ce a raina, Ubangiji ba ya karɓa bai bayar ba. Ya ɗauke mini abokiyar zama, ya buɗe mini ido a kan wannan ɗan abin. Na yarda zaman kaɗaici ne ya wasa mini tunani. Har godiya na yi a kan haka bayan salla.

Aka fara ce mini gwani. In wani baƙo ya zo daga Showak ko Gallabat yana neman wanda zai gwada, Usta ya tare shi ya ce, "A'a, ba haka ake hawa ba. Sai ka wuce bawa kafin ka kai ga ubangida." Su zauna, ya cinye baƙon, baƙon ya tafi yana cewa in yaron gida haka yake, ina ga maigidan. Ni ina gefe ina shan jabana, kofinmu mai citta, ina gyaɗa kai. Babu baƙon da ya taɓa wuce shi ya iso gare ni.

Muna da wata al'ada a wurin. In magariba ta gabato, wanda ya ci wasan ƙarshe shi ke yin ƙulli. Zai jera 'ya'ya kaɗan a gidajen, ya ce, "Kara ke da tafiya, ya ci." A kife wata tsohuwar tasa a kai, a ɗora bulo saboda awaki. Wanda aka ci ya tafi da hoton abin a kansa, gobe ya zo ya kwance. In ya kasa, ƙullin ya kwana, a haƙa wasu gidajen a gefe a ci gaba da wasa. Tunda ni ke yawan ci, ni ke yawan ƙulli. Ina ɗaukar abin da muhimmanci. In zana gidajen a bayan wani tsohon allo da tawada, in yi ta juya su har in sami wanda nake ganin ba mai kwance shi. Usta ya zo ya ɗaga tasa, ya tsuguna, ya soshi ƙeya, ya gwada wannan ya gwada wancan. Wani ƙullin ya yi kwana da kwanaki a ƙarƙashin tasa. A ƙarshe ya ce, "Na sallama. Wannan ba dara ba ce, rubutun sha ne ka yi mata." In miƙa hannu in nuna masa, ya kama baki.

To, a haka 'yata ta same ni. Zuwanta ba daɗi. Ba ta barci sosai, ba ta ci sosai, kullum waya a kunne ana neman mijinta layi ba ya shiga. Wata safiya ta gan ni da allona ina zana gidaje, ta zauna kusa da ni ta ce, "Baba, koya mini. In ban sa kaina wani aiki ba zan haukace." A wurinmu mata ba sa zama gindin maina, amma ba wanda ya ce kada uba ya koya wa 'yarsa a tsakar gida. Na koya mata shuka da turawa da ci, da cewa jeri huɗu ba ya ci, da doki. Ta yi ta tambaya. Daga nan ta rungumi kwamfutarta, in wuta ta ɗauke ta kai ta shagon mai caji. Ban san me take yi ba sai ranar da ta miƙo mini waya. Ga gida talatin a kan gilashi, ga kara, ga aduwa.

Ta ce ta yi wa na'urar hawa uku: ɗan koyo, da matsakaici, da gwani. Ɗan koyo na ci shi, ko da yake ya ba ni wuya fiye da yadda na zata. Matsakaici ya ci ni. Na sake, ya sake. Gwani kuwa ban san ta inda yake shigowa ba, kafin in gama shuka na riga na mutu. Na ajiye wayar na ce, "Wannan ba ɗan Adam da zai ci shi. Ba ya gajiya, ba ya mantuwa, ba ya da iyali."

Ta ce, "Baba, bai kai haka ba fa. Ban ma gama shi ba."

Ta roƙe ni ƙulle-ƙullena, wai za ta sa su a ciki don masu koyo. Na ba ta waɗanda na fi ji da su. Kafin in dire finjalin jabana na'urar ta kwance na farko. Haka na biyu. Wanda ya fi daɗewa a ƙarƙashin tasa ma ta nuna hanya biyu ta kwance shi, ɗaya ban taɓa ganinta ba. Abin ya sosa mini rai, amma na ce ai inji ne. Tarakta ma ta fi mutum noma, ba a ce manomi ya ji kunya ba.

Ni da kaina na ɗauki wayar na kai gindin maina. Niyyata in ga an wulaƙanta Usta in sami abin tsokana. Mutane suka taru, aka yi ta miƙa wuya. Na ce, "Ga wanda ya ci ubangidanka. Zo ka gaishe shi, bawa."

Ya ce, "Ni ba na wasa da abin da ba ya shan jabana."

"Tsoro kake ji."

"In na ci shi wa zan yi wa dariya? Ba shi da gemu."

Aka yi ta zuga shi. Wani mai auna dawa ya ce ai Usta ya tsufa, a bar shi. Wannan ce ta kama shi. Ya karɓi wayar, aka nuna masa yadda ake taɓawa da yatsa. Na sa masa gwani, ban ko tsaya a matsakaici ba. Wasan fari na'urar ta ci shi, don yatsansa mai kaushi yana taɓa gidan da bai nufa ba. Ya goge yatsan a jallabiya ya ce, "Sake."

Sai na ga wani mutum da na daɗe ban gani ba. Ya daina magana. Ya gyara zama, ya ɗan karkata kai hagu yadda yake yi muna samari. Hannunsa ba ya jira. Na'ura ta tura, ya tura, kamar ya san abin da za ta yi tun jiya. Babu sosa ƙeya, babu gwada wannan a fasa. Ya ba ta ɗa ɗaya da gangan, ta ci, ya kafa mata doki. Ya cinye ta. Ya ce, "Sake." Ya sake cinye ta. Ya ɗaga kai yana dariya, idonsa yana ƙyalli, ya ce, "Ka gaya wa 'yarka abin nan nata yana da kwaɗayi. Duk abin da aka miƙa masa sai ya..."

Bai ƙarasa ba. Idonsa ya faɗo cikin nawa.

Na juya na dubi mutane. Na zaci zan ga mamaki, in ji ana salati. Babu wanda ya yi mamaki. Mai auna dawa yana duban ƙasa. Wani ya tashi wai zai kama ruwa. Mai jabana ta shiga fifita gawayin da ya riga ya kama. A nan na gane ba Usta kaɗai ba ne. Duk gindin mainar nan sun sani, tun shekarar da na binne matata, ni kaɗai ne baƙo a wurin.

Usta ya yi ƙoƙari. Ya ce, "Sa'a ce, Faki. Inji ne, ba ya da wayo irin naka."

Na karɓi wayar na sa a aljihu. Na ce musu sai anjima. Ban jira ƙulli ba.

Ban koma ba. A masallaci in mun haɗu in ba shi hannu in ce, "Lafiya, Alhaji?" Ban taɓa ce masa Alhaji ba sai lokacin, kuma na ga yadda kalmar ke dukansa. 'Yata ta lura. Ta ce da ta sani da ba ta yi abin ba. Na ce mata ba laifinta, na'ura ba ta yi ƙarya ba, iyakarta ke nan. Amma na wanke allon ƙulle-ƙullen. Abin da ya fi ci mini rai ba sunan gwani ba ne. Na riƙa tuna kowace la'asar ɗaya bayan ɗaya: dukan ƙasa da yake yi, rantsuwar da yake yi, yadda yake kama baki in na nuna masa mabuɗin ƙulli. Mutumin da na fi sakin jiki da shi a duniya, ashe kullum in ya zauna gabana aiki yake yi. Har godiyar da na yi wa Ubangiji a kan buɗin ido, na rasa inda zan ajiye ta.

Ana gab da ruwan fari ya zo gidana. Wannan karon ya yi sallama. Na shimfiɗa masa tabarma kamar baƙo. Ya zauna ya ce, "To, zage ni mana. Wannan Alhajin da kake ce mini ya fi zagi ciwo."

Na ce, "Ka mai da ni yaro."

"Na mai da kai mai rai. Ka ga fuskarka a lokacin? Kabari kake nema kusa da nata. Na ce bari in ba shi wasa ɗaya ya ji daɗi. Washegari na gan ka tafe da ƙafarka. To, in yi yaya?"

"Shekara ɗaya ta isa. Biyu ma. Me ya hana ka dainawa?"

Ya daɗe yana murza gefen tabarma. Ya ce, "Na yi niyya ba sau ɗaya ba. In na zo zan ci ka, sai in ga ka gyara hula kana murmushi. Kuma wallahi, Faki, faɗuwa a hannunka ta fi cin ka wuya. Kai ba ka san wahalar da na sha ba. Wani lokaci sai in buɗe maka ƙofa uku ka ƙi shiga ko ɗaya."

Ya so in yi dariya. Da wata rana ce da na yi. Na ce masa, "Ban san ko ɗaya daga cikin wasannin nan nawa ne ba. Ko ɗaya. Ina bin ka wasa guda na gaskiya. Ka ci ni yadda Allah ya hore maka, in san matsayina, in san kuma da wa nake zaune."

Ya ce, "Yanzu?"

Na ce, "Ba yanzu ba. Yanzu tausayina kake ji, zai shiga hannunka."

Ya tashi yana kaɗe jallabiya. Ya ce, "To, bayan yankan riɗi, in Allah ya kai mu. Ka shirya kuka."

Ruwa ya sauka, gidajen dara suka narke, unguwa ta zama taɓo mai cire takalmi. Usta ya tafi gona da mutanensa, shuka da noma. A cikin daminar mijin 'yata ya iso, ramamme amma da ransa, muka gode wa Allah. Ni kuwa ina nan da abina a ƙirji. Wani lokaci in ɗauki wayar in yi wasa da matsakaici, ya ci ni, in ajiye. Ba ya dariya, ba ya ce mini bawa. In ya ci ka sai gidajen su koma wayam, yana jiran ka sake.

Riɗi ba ya jira. In ya nuna dole a yanke shi cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba ya fashe ya zube a ƙasa. A wannan shekarar ma'aikata sun yi wuya, Usta ya shiga gona da lauje da kansa, da tsufansa, cikin rana. A can ya faɗi. Aka kawo shi a bayan mota, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Asibiti cike yake da baƙin yaƙi, suka yi abin da za su iya suka sallamo shi gida.

Kullum ina zuwa. In zauna kusa da angarib ɗinsa in yi masa karatu, in tofa masa. Maganarsa ta zama guntu-guntu, sai ka sa kunne. Wani lokaci ya kira matarsa da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Maganar dara ban ko tuna masa ba. Na yafe a raina, na ce wannan bashin ya bi ruwa.

Wata hantsi ina cikin karatu ya kama mini hannun riga da hannunsa na hagu. Ya ce wani abu ban ji ba. Na sunkuya. Ya ce, "An... yanke... riɗi."

Na ce, "An yanke, Usta. Yaranka sun gama, kada ka damu."

Ya girgiza kai da fushi. Ya ce, "Dara."

Na ce a bari ya sami sauƙi. Ya ƙi sakin rigata. Matarsa tana bakin ƙofa ta ce, "Malam, yi masa. Tun jiya yake faɗa, ni na zaci ƙara yake cewa a kan abinci." Ta kawo babban faranti, ta cika shi da yashin gini daga gidan maƙwabta, muka ɗora a kan kujera 'yar tsugunne daidai fuskarsa. Na haƙa gidaje da yatsa. Na karya kara, ta kawo ƙwallayen aduwa daga kicin. Ya miƙa hannun hagu zai shuka, hannun yana rawa, ya rushe gida biyu. Ya rufe ido. Na ce, "Bari. Kai faɗa, ni in sa maka."

Haka muka yi. In shuka karana, in ɗauki aduwarsa in riƙa bi da ita bisa gidaje har ya ce, "Nan." Da aka zo turawa sai ya ce, "Na bakin kudu... gabas." In tura masa. Yana daɗewa kafin ya yi magana. Wani lokaci idonsa ya tafi rufin ɗaki har in zaci ya manta muna wasa. Yawu yana zubo masa, matarsa tana gogewa.

Ni kuwa na yi wasa da duk abin da na sani. Muka yi nisa ba wanda ya ci wani. Ina da kara biyu a jere, na uku yana kusa, aduwarsa ɗaya ce ta toshe gidan. Sai ya ce, "Wannan... yamma." Aduwar da ta toshe ni yake nufi.

Na ce, "Wannan? Ka duba dai."

"Yamma."

Na tura masa. Gida ya buɗe. Yaron da ya fara dara jiya ba zai yi wannan ba. Na dube shi, ido rabi a rufe, baki a karkace, numfashi da ƙyar. Zuciyata ta karye. Na ce a raina, kan ya tafi. Mutumin da ya cinye na'ura ya tafi, saura wannan. Hannuna ya tashi ya nufi wani kara can gefe, wanda tura shi ba zai cuci kowa ba. In yi kamar ban gani ba. In bar shi ya ci, in bugi ƙasa, in rantse ya yi mini sata. Ba wanda zai sani. A wannan lokacin na san abin da ya ji shekara da shekaru yana kallona ina gyara hula, na san kuma ba raini ba ne.

Hannuna yana bisa karan, sai na ji ya yi wani gurnani. Ya buɗe idon sosai yana kallon hannun nawa. Na janye. Na ce bismillahi, na tura karana cikin gidan da ya buɗe, na jera uku, na ɗauke masa aduwar da na ga ta fi haɗari. Hawaye ya cika mini ido har gidajen suna rawa.

Ya ce, "Na tsakiya... arewa."

Na ɗauki aduwar na kai ta arewa, cikin gidan da karana ya bari yanzun nan. Uku suka jeru. Ya nuna da haɓa, na cire karana da hannuna na ajiye a gefe. Na yi tafiyata. Ya ce, "Mai da shi." Na mai da ita kudu. Wasu ukun suka jeru. Sai a lokacin na gani. Doki ne, tun a shuka ya kafa shi, karana ɗaya ne kawai ya tsare hanya, shi ne ya saya da aduwa guda.

Babu abin da zan iya. "Arewa." In tura, in cire nawa. "Kudu." In tura, in cire nawa. Ina kuka ina kwashe 'ya'yana da hannuna, matarsa tana tsaye ta rasa ko lafiya. Bai rage mini komai ba. Har da na tsaya ina neman wata mafita, ya ce, "Yi sauri... bawa." Kararena suka koma biyu a cikin yashi.

Rabin fuskarsa mai motsi ya yi dariya. Ya ja numfashi ya ce, "Kwaɗayi... kai da... injin 'yarka."

Na share fuska da hannun riga. Na ce, "Allah ya isa, mugun bawa. A kwance ma ba ka bar mutane ba."

Ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce, "Na biya?"

Na ce, "Ka biya, Usta. Babu saura."